Siminti a Bakin Dogo

Berlin, Nuwamba 1932

Ƙarfe huɗu na asuba na fita, Alwin,
burodi a aljihu, hular aiki a ka,
sanyi yana gatsar kunne kamar ɓera.
Shekara ashirin da shida ina jan taragon lantarki
daga Wedding zuwa cikin gari;
na san kowace kwana kamar zanen tafina.

A ƙofar gareji na tarar da kai,
jan ƙyalle a damtse, bokiti a hannu,
kafaɗarka tana gugar kafaɗar yaron nan
mai riga ruwan ƙasa,
wanda ya karya maka haƙori bara.
Shi yana kwaɓa siminti, kai kana zubawa
a bakin dogo, daidai inda hanya take rabuwa biyu.

Ban ce ana biyanmu daidai ba.
An zabtare mana fenik biyu a kowace awa.
Na ƙirga, uwarka ma ta ƙirga
a kan dankalin da ba ya kai mu Juma'a.
Ban manta da Mayun nan ba kuma,
ranar da harsashin 'yan sanda ya sami Gerda Tessmer
tana kwashe shanya a taga,
kuma mutanen jam'iyyata ne ke riƙe da hukuma.
Wannan ƙashi yana nan a maƙogwarona.
Bai faɗa ba, bai fito ba.

Amma ni ma na taɓa ajiye aiki.
Kana ɗan shekara tara sojoji suka shigo da hulunan kwano
don su kori gwamnatin da muka zaɓa.
Muka kashe wuta, muka toshe famfo,
ko ƙararrawa ɗaya ba ta kaɗa a titi ba.
Kafin mako suka naɗe tabarmarsu.
Mun yi wancan yajin ne don rufi ya tsaya.
Naku fa?

Ka ce majalisa kasuwar surutu ce.
Ka ce ni da su Danjuma ne da Danjummai,
har ma na fi su, don ni ina murmushi.
Ka ce a bar su su hau, za su gaza,
bayansu sai ku.
Ɗana, wa ya taɓa ba wuta aron ɗaki
ya ce ta mayar masa gobe?

Jamhuriyar nan gida ce mai yoyo, na yarda.
Mun kwana muna tara kwanoni ƙarƙashin rufinta.
Sai dai a cikinta ka buga jaridarka,
a cikinta ka zage ni a gaban jama'a
ka dawo ka ci tuwon dare lafiya.
Kuna saran bango ta hagu, suna sara ta dama,
kowa yana jin ƙarar gatarin ɗan'uwansa
yana cewa nasa ne ya fi ci.
In ya tsage, ba kai za ka fara shiga ba.
Sun fi ka takalma, sun fi ka masu kuɗi a baya.

Jibi Lahadi, ranar ƙuri'a.
Zan sa kwat ɗin aurena in bi layi
in zaɓi mutanen da ba na ƙauna sosai,
don dai a sake yin wata Lahadin.

Uwarka ta rufe maka miya a bayan murhu.
Ba ta ce komai ba, ta dai ƙara gishiri sau biyu.

Na koma garejin da dare, da kurfi da guduma.
Na durƙusa na taɓa wurin.
Ya riga ya daskare.
Akwai sawun yatsu a kai, guda huɗu,
na haska fitila na duba, na sake dubawa,
ban iya gane ko naka ne ko nasa ba.